Wa Ya Share Fagen? Sharhi a Kan Mutum-mutumin Miranda da Ke Landan

Duk ɗalibin da ke sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Warren Street, da wuya a ce bai taɓa ratsa titin Grafton Way ba. Ni kaina na yi watanni ina bin titin zuwa wurin wani ɗan aiki da nake yi da yamma, kaina a sunkuye saboda sanyi da lissafin kuɗin haya, ban taɓa ɗaga ido na dubi gida mai lamba 58 ba. Ranar da Allah ya sa na duba, sai na ga allon nan mai launin shuɗi da Turawan Ingila kan manna a gidan da wani sananne ya taɓa zama. Allon ya nuna cewa Francisco de Miranda ya zauna a gidan daga 1802 zuwa 1810, ya kuma ba shi laƙabin da mutanen ƙasarsa ta Benezuwela ke kiransa da shi, wanda a Hausance za mu ce "Mai Share Fage", wato wanda ya share fagen 'yantar da ƙasashen Latin Amurka daga mulkin mallakar Sifaniya. In ka ƙara 'yan taku zuwa kusurwar dandalin Fitzroy, ga mutum-mutuminsa nan na tagulla, wanda aka kafa a 1990.

Mutum-mutumi da allon bango su ma wani irin rubutu ne, suna da abin da suke faɗa da abin da suke yin shiru a kansa, don haka sun cancanci a yi musu sharhi kamar yadda ake yi wa littafi. Labarin da waɗannan biyu ke ba mai wucewa shi ne, 'yanci ya faro ne daga falon wani mai ilmi a Landan, sannan aka ɗora shi a jirgin ruwa aka kai wa mutanen da ke can suna jira. Da wannan labarin nake da ja, kuma abin ya shafe mu, mu da muka baro gida muka zo karatu, kowannenmu da nasa tsarin yadda zai gyara ƙasa in ya koma.

Amma kafin nan, a ba Miranda haƙƙinsa. An haife shi a Karakas a 1750. Ya yi wa Sarkin Sifaniya aikin soja, har ya halarci yaƙin Melilla da dakarun Sarkin Maroko a 1774 zuwa 1775, da na Pensacola a 1781. Da ya ɓata da manyansa sai ya gudu a 1783, ya zaga Amurka da Turai har fadar Sarauniya Catherine ta Rasha. Ya zama janar a rundunar juyin juya halin Faransa a 1792, shi ya sa sunansa ke cikin waɗanda aka sassaƙa a babbar ƙofar nan ta Arc de Triomphe a birnin Faris. A gidansa na Landan ya tara littattafai kimanin 6,000. Tun daga 1790, lokacin da ya fara ganawa da Firayim Minista William Pitt, bai daina ƙwanƙwasa ƙofar gwamnatin Birtaniya ba yana roƙon jirage da bindigogi. Ƙarshenta ya mutu a kurkukun La Carraca da ke Cádiz a ƙasar Sifaniya, ranar 14 ga Yuli 1816. Wanda ya yi wannan wahala duka saboda ƙasarsa ba abin rainawa ba ne.

To, amma me ya faru a lokacin da ya gwada abin da ya daɗe yana tsarawa a takarda? Da ya ga Ingila na ta yi masa yawo da hankali, sai ya tsallaka Amurka. A Niyok wani ɗan kasuwa, Samuel Ogden, ya ba shi jirgin ruwa mai suna Leander, aka ɗebo masa mutane kimanin 200, waɗanda da yawansu ba a faɗa musu gaskiyar inda za su ba. Ba gwamnatin da ta fito fili ta aike su. Farmaki ne na ƙashin kai, da kuɗin 'yan kasuwa da sojojin haya. Jirgin ya tashi ranar 2 ga Fabrairu 1806 ɗauke da makamai da na'urar buga takardu. A tashar Jacmel ta Haiti, ranar 12 ga Maris, aka ɗaga tutar nan mai ruwan ɗorawa da shuɗi da ja, wadda tutocin Benezuwela da Kolombiya da Ekwado suka samo asali daga gare ta. Sai dai kash, jakadan Sifaniya a Amurka ya riga ya aika labari. A ƙarshen Afrilu, kusa da gaɓar Ocumare, jiragen Sifaniya suka kama ƙananan jirage 2 da ke raka shi da mutane kusan 60, aka rataye 10 daga cikinsu a Puerto Cabello.

Miranda bai karaya ba. Ya sami taimakon wani babban hafsan sojan ruwa na Ingila, Alexander Cochrane, bisa alkawarin za a ba 'yan kasuwar Ingila gata a ƙasar da za a 'yanta. Ranar 3 ga Agusta 1806 ya sauka a tashar La Vela, ya shiga garin Coro. Abin da ya tarar shi ne gari wayam, hukuma ta kwashe jama'a zuwa duwatsu. Ya manna takardunsa na kira ga 'yanci, ya zauna jiran mutane su yi tururuwa su zo. Ba su zo ba. Bayan kimanin kwana 10 ya koma jirgi. A Karakas kuwa, manyan gari, 'yan ƙasa irinsa, har karo-karo suka yi wajen tara ladar da aka sa a kansa, peso 30,000.

Tambayar da allon Grafton Way ba ya bari a yi ita ce, me ya sa Coro ta yi shiru? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara 11 kafin zuwan Miranda, a duwatsun da ke bayan wannan gari, wani mutum mai suna José Leonardo Chirino ya riga ya ɗaga murya. Mahaifinsa bawa ne baƙar fata, mahaifiyarsa 'yar asalin ƙasar ce mai 'yanci, don haka shi ɗa ne, amma matarsa baiwa ce, wanda ke nufin 'ya'yansa dukiyar wani ne. Aiki ya taɓa kai shi ƙasar da a yau ake kira Haiti, inda bayi suka tayar wa Faransawa tun 1791. Ranar 10 ga Mayu 1795, shi da bayin gandaye da 'yantattun talakawa suka yi bore, suna neman a soke bauta, a kuma cire harajin ciniki da ake tatsar matalauta da shi a kan hanyar kasuwa. Cikin 'yan kwanaki aka murƙushe su. An rataye Chirino a Karakas a watan Disamba 1796, aka sa kansa a kejin ƙarfe aka kafe a bakin hanya, aka aika hannayensa yankin Coro don su zama izina, aka sayar da iyalinsa.

Ke nan, a ranar da Miranda ya sauka, akwai mutane iri biyu a wannan yanki. Masu gandaye sun ga abin da kalmar 'yanci ta jawo musu a 1795, ba su son su sake jin ta daga bakin kowa. Bayi da talakawa kuwa sun ga hannayen Chirino, ga shi wannan baƙo mai farin gashi da ya yi shekara 35 rabonsa da ƙasar, yana tafe da Turawa masu wani yare da wata ɗariƙa, bai kuma zo musu da maganar soke bauta ba. Don me za su miƙa masa wuyansu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba Chirino ne farau ba. Tun 1553 wani bawa mai suna Miguel ya jagoranci bore a mahaƙar zinariya ta Buría, a cikin Benezuwelar nan, har ya naɗa kansa sarki. A Kolombiya ta yau, Benkos Biohó, wanda aka kamo daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya kafa mafakar gudaddun bayi kusa da Cartagena. An rataye shi a 1621, amma garin San Basilio de Palenque da ke danganta kansa da shi yana nan har gobe. A 1780, a ƙasar Peru, Túpac Amaru na Biyu, wanda ke da'awar jinin sarakunan Inka, ya tayar da yaƙin da ake ƙiyasta ya ci rayuka kimanin 100,000. Ya yi shelar 'yanta bayi a watan Nuwamba na shekarar, aka kashe shi da matarsa Micaela Bastidas a dandalin Cusco ranar 18 ga Mayu 1781. A wannan shekara dai, mutanen Socorro da kewaye a Kolombiya, su kusan 20,000, suka nufi Bogota kan batun haraji da kane-kanen da gwamnati ta yi a cinikin taba. A lokacin da ake wannan duka, Miranda hafsa ne a rundunar Sarkin Sifaniya.

Na san mai karatu zai iya cewa, ai yawancin waɗannan ba 'yancin ƙasa suka nema ba. Wasu ma suna yi wa sarki addu'a ne suna tsine wa hakimansa, alhali Miranda shi ne ya fara tsara ƙasa mai cin gashin kanta da kundin mulki. Akwai gaskiya a nan. Sai dai mu dubi kundin. A tsarin da ya miƙa wa Pitt, ƙasar za ta miƙe daga kogin Mississippi zuwa ƙarshen kudancin nahiyar, da majalisu biyu irin na Ingila, da sarki mai gado wanda za a riƙa kira Inka. Wato ya ari sunan sarautar mutanen da aka karkashe a Cusco, ba tare da ya ari buƙatunsu ba. Bugu da ƙari, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1798 ga John Turnbull, attajirin Landan da ke ɗaukar nauyinsa, ya nuna cewa gara ƙasashen su ƙara ƙarni guda a hannun Sifaniya da a ce sun zama kamar Haiti. Ashe mai share fagen yana tsoron mafi yawan mutanen da ke tsaye a fagen. Idan 'yancin ƙasa na nufin canza tuta ne kurum, to laƙabin ya dace da shi. Idan kuwa ya haɗa da mutum ya mallaki kansa da 'ya'yansa, akwai waɗanda suka riga shi da nisa.

To me ya sa shi ke da tagulla a Landan? A ganina amsar tana cikin takarda. Miranda bai yar da ko guntuwar wasiƙa ba. Ya ɗinke takardunsa cikin kundi 63, waɗanda bayan kama shi a 1812 suka faɗa hannun Ingila, suka daɗe a gidan zuriyar Lord Bathurst a Cirencester, kafin gwamnatin Benezuwela ta saye su a 1926. Mai bincike yana da abin karantawa har ya gaji. Shi kuwa Chirino, abin da muka sani game da shi ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka yanke masa hukunci. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na José Antonio Aponte, kafinta baƙar fata a Habana, babban birnin Kyuba, wanda aka rataye ranar 9 ga Afrilu 1812 bisa zargin shirya tawayen bayi. Shi ma yana da littafi, na zane-zane da ya haɗa da hannunsa, mai hotunan sarakunan Habasha da baƙaƙen sojoji. Masu tuhuma suka ƙwace shi, suka yi kwanaki suna tambayarsa ma'anar kowane shafi, daga nan littafin ya ɓace. Abin da ya rage shi ne bayanin da ya yi a gaban alƙalai. Mu da muke rubuta kundin digiri muna alfahari da yawan madogara, ya kamata wannan ya sa mu yi hattara: yawan takardun mutum na nuna wanda aka adana wa takardu ne, ba lalle ya nuna wanda ya fi yin aiki ba.

Don adalci, ita Benezuwela ta gyara nata lissafin. Filin jirgin sama na Coro sunan Chirino yake ɗauke da shi, kuma tun 2005 ana bikin ranar 10 ga Mayu a matsayin ranar 'yan ƙasar masu tushen Afirka. Landan ce ta tsaya a kan tsohon karatu, domin labarin Miranda ya yi mata daɗi, ya nuna ta a matsayin uwar masu neman 'yanci. Alhali a 1808, rundunar da aka tara a Cork ta ƙasar Ailan a ƙarƙashin Arthur Wellesley, wadda Miranda ya sa rai za ta tafi da shi Kudancin Amurka, dare ɗaya aka juya akalarta zuwa Fotugal, saboda Sifaniya ta zama ƙawar Ingila a yaƙi da Napoleon. Shekara 18 na zarya a ofisoshi suka tashi a banza. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani zai sake cewa, ai daga baya taimakon waje ya yi rana. Haka ne. A 1810 Simón Bolívar ya zo gidan nan na Grafton Way tare da Andrés Bello da Luis López Méndez, suka janyo Miranda ya koma gida. Jamhuriyar da aka ayyana a 1811 ba ta wuce shekara guda ba. Daga Coro ɗin nan dakarun sarki suka taso a 1812, baƙaƙen yankin Barlovento kuma suka yi wa jamhuriyar masu gandaye bore da sunan sarki. Miranda ya miƙa wuya, Bolívar da wasu hafsoshi suka kama shi, ya faɗa hannun Sifaniyawa. Shi kansa Bolívar sai da ya sha kaye sau biyu kafin ya fahimci darasin, kuma a Haiti ya koye shi, ƙasar da Miranda ke tsoro. A 1816 Shugaba Alexandre Pétion ya ba shi makamai bisa sharaɗin ya 'yanta bayi. Sai bayan da bayi da makiyayan filayen Orinoco da Apure suka shigo yaƙin ne, dubban tsoffin sojojin Ingila da Ailan da López Méndez ya fara ɗiba daga Landan a 1817 suka sami rundunar da za su jingina da ita, har suka taka rawa a yaƙin Carabobo ranar 24 ga Yuni 1821. Bambancin 1806 da 1821 shi ne, a karo na biyu baƙin sun tarar da masu gida a tsaye. Duk da haka ba a soke bauta a Benezuwela ba sai 1854.

Akwai kuma kuɗin da aka biya, wanda ba a rubuta a gindin mutum-mutumin ba. Sabuwar Kolombiya ta ci bashin fam miliyan 2 a kasuwar Landan a 1822, ta ƙara fam miliyan 4.75 a 1824, ta kasa biya a 1826. Sannan sana'ar kai farmaki ta ƙashin kai ba ta tambayar niyyar mai ita. Gregor MacGregor, ɗan Sukotlan da ya yi yaƙi a ƙarƙashin Miranda, shi ne ya dawo Landan ya ƙirƙiri wata ƙasa ta ƙarya mai suna Poyais, ya sayar da takardun bashinta na fam 200,000 a 1822, ya tura mutane kimanin 250 zuwa wani daji a gaɓar Honduras inda fiye da rabinsu suka mutu. Narciso López, haifaffen Karakas, ya kai wa Kyuba farmaki daga New Orleans a 1850 da 1851, da goyon bayan masu bayi na kudancin Amurka waɗanda ke son haɗe tsibirin da ƙasarsu tare da bautarsa. Shi ma mutanen gari ba su taso masa ba, aka kashe shi a Habana ranar 1 ga Satumba 1851. Tutar da ya zo da ita ce tutar Kyuba a yau. Sau biyu ke nan jirgi ya kawo tuta, ya rasa jama'a.

'Yan uwa, kada mu ɗauka wannan cutar mantuwa ta Turawa ce kaɗai. Shekara 100 cif bayan Coro, a watan Fabrairu 1906, talakawa da gudaddun bayi a ƙauyen Satiru, kudu da Sakkwato, suka fuskanci sojojin Ingila da gatura da fartanyu, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, tare da goyon bayan sarakunanmu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. A makaranta an koya mana sunayen waɗanda suka zo taron tsarin mulki a Landan a 1957 da 1958. Mu nawa ne aka koya wa Satiru?

Ba ina cewa zama a waje laifi ba ne. A nan Bloomsbury, tafiyar 'yan mintoci daga gidan Miranda, Malam Aminu Kano ya yi karatun koyarwa a 1946 zuwa 1947. Abin lura shi ne yadda ya yi da ya koma: ya ajiye aikin gwamnati, ya shiga kasuwanni da ƙauyuka, ya yi siyasar NEPU da harshen da mai biyan haraji da jangali ke ji. Miranda kuwa ya san ministocin Ingila ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da ke ran mutumin Coro ba. Idan na saurari hirarmu bayan tarukan ƙungiya, yadda muke gyara wutar lantarki da ilmi da tsaro kafin shayi ya huce, ni ma a ciki, sai in tuna da na'urar buga takardun nan da ke cikin Leander, wadda ta buga wa mutane kira da yawancinsu ba su iya karantawa ba.

Ba na kiran a tumɓuke mutum-mutumin. Mutumin ya biya da ransa, a bar masa kusurwarsa. Abin da nake ƙi shi ne laƙabin, da yadda ya mayar da shekara 250 na boren bayi da 'yan asalin ƙasa tamkar ba a yi ba. Da za a nemi shawarata, da na ce a ƙara layi ɗaya a ƙasan allon, mai sunan Chirino da shekarar 1795. Kafin a yi haka, duk wanda hanya ta bi da shi ta Grafton Way, ya ɗan tsaya ya karanta allon, sannan ya tambayi kansa, a garinsu, wa ya riga shi fara aikin da yake shirin komawa ya yi, kuma yaushe rabon da ya kira shi ya ji ta bakinsa. Allah ya sa mu gama karatu lafiya, mu koma gida da kunnuwanmu a buɗe.